Ni kaɗai ce mace a sashen tiyatar ƙashi, kuma sau biyu ana tsallake ni wajen ƙarin girma

Assalamu alaikum, Yaya Likita. Ni likitar tiyatar ƙashi ce a wani asibitin koyarwa, kuma ni kaɗai ce mace a cikin likitocin sashenmu. Ban da wannan, na fito ne daga wata ƙabila marar yawa a inda nake aiki, wadda ba a cika ganin 'ya'yanta a cikin likitoci ba. Sau biyu ke nan ina neman ƙarin girma ana mayar mini da takarduna, a karo na biyun ma an ɗaga wani abokin aikina da ya zo a bayana. Abin da aka ce da ni shi ne binciken da na wallafa bai isa ba, kuma wai ba a san ni ba a wajen sashenmu. Alhali kuwa ni ke tsara jadawalin aikin dare, ni ke sauraron matsalolin ɗalibai, ni aka tura kwamitin daidaito na asibiti, kuma ni ake kira in yi tafinta duk lokacin da aka kawo marar lafiya daga mutanenmu. Har yau akwai waɗanda idan na gama yi musu bayanin aikin da zan yi musu, sai su tambaye ni yaushe likita zai zo. Maigidana ya ce in yi haƙuri, ƙawata ta ce in ajiye aikin in koma asibitin kuɗi, zuciyata kuma tana ce mini in kai ƙara. Na fara shakkar ko ni ce ban cancanta ba. Me kike gani?

Amin, wa alaikumus salam, ƙanwata Likita. Zan fara da shakkar da kika fara yi a kan cancantarki, domin ita ce ta fi tayar mini da hankali a cikin wasiƙarki, kuma muddin tana nan a zuciyarki, duk shawarar da kika yanke, ta zama ce ko ta tafiya, za ki yanke ta ne a cikin raunin zuciya. Wadda ta shiga makarantar koyon likitanci ta gama, ta shiga horon ƙwarewa a tiyatar ƙashi ta fito, har asibitin koyarwa ya amince ya damƙa mata marasa lafiya da ɗalibai, an riga an auna cancantarta sau da dama a hannun mutanen da ba su da wani dalilin yi mata alfarma. Abin da kwamitin ƙarin girma ya auna wani abu ne daban, kuma zan zo kansa.

Halin da kike ciki sananne ne ga duk wanda ya nazarci aikin lafiya. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa mata ne kimanin kashi 70 cikin 100 na ma'aikatan lafiya da jin daɗin jama'a a duniya, amma kashi 25 cikin 100 kacal na manyan muƙamai ne ke hannunsu. A Amurka, inda ake ajiye ƙididdiga da kyau a kan wannan batu, mata sun zarce maza a cikin sababbin ɗaliban likitanci tun 2017, amma a fanninki na tiyatar ƙashi ba su wuce kimanin kashi 6 cikin 100 ba a ƙididdigar 2021, kuma baƙar fata, waɗanda suke kusan kashi 13 cikin 100 na al'ummar ƙasar, ba su kai kashi 6 cikin 100 na likitocinta ba. A Birtaniya kuwa, wani binciken da hukumar da ke yi wa likitoci rajista ta sa aka gudanar, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa asibitoci suna kai ƙarar likitocin da suka fito daga ƙabilu 'yan tsiraru gaban hukumar fiye da ninki biyu na yadda suke kai fararen fata. Wani lokaci ma abin ba a ɓoye yake ba: a 2018 aka bankaɗo cewa Jami'ar Likitanci ta Tokiyo ta shafe shekaru tana rage makin mata a jarrabawar shiga, bisa hujjar cewa mata kan bar aiki idan sun yi aure sun haihu.

Game da ingancin aiki kuma, masu bincike na jami'ar Harvard sun duba kwanciyar asibiti sama da miliyan ɗaya da rabi ta tsofaffi a Amurka, suka wallafa a 2017 cewa kashi 11.07 cikin 100 na waɗanda likitoci mata suka duba ne suka rasu cikin kwana 30, a yayin da adadin ya kai kashi 11.49 a hannun likitoci maza. A shekarar dai, wani binciken da aka yi a kan marasa lafiya fiye da 100,000 a lardin Ontariyo na Kanada ya samu irin wannan ɗan bambanci a hannun likitocin tiyata mata. Tazarar ba ta da yawa, kuma ba zan yarda ki kafa hujja da ita cewa mace ta fi namiji iya aiki ba, amma ta isa ta rushe zancen cewa ƙarancin mata a manyan kujeru daga ƙarancin iyawa ya samo asali.

Shawarar maigidanki ta haƙuri shawara ce ta mai ƙaunarki, kuma ban raina ta ba, domin mahaƙurci mawadaci ne. Sai dai tarihin wannan sana'a ya nuna cewa haƙurin da ya yi amfani shi ne wanda aka haɗa shi da yunƙuri. Elizabeth Blackwell ta zama mace ta farko da ta karɓi digirin likitanci a Amurka a 1849, Rebecca Lee Crumpler ta zama baƙar fata mace ta farko a 1864, amma ƙofar da suka buɗe ba ta ci gaba da faɗaɗa da kanta ba, har ma ta sake tsukewa: bayan rahoton Flexner na 1910, wanda ya sauya tsarin koyar da likitanci a ƙasar, biyar daga cikin makarantun likitanci bakwai na baƙar fata sun rufe, aka bar Howard da Meharry kaɗai, kuma galibin makarantun likitanci na mata su ma haka suka ƙare. A fanninki ma, lokacin da aka kafa babbar ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka a 1933 an ƙi karɓar wata likita mai suna Ruth Jackson duk da cewa aikin ƙashin take yi, sai da ta zauna jarrabawar ƙwarewa ta ci a 1937 sannan aka ba ta kujera. An daɗe ana cewa idan mata da 'yan tsiraru suka yawaita a matakin ƙasa, lokaci da kansa zai kai su sama, amma sun yawaita ɗin, kuma saman bai canza da irin wannan saurin ba.

Yanzu ga ɓangaren da ba zai yi miki daɗin ji ba. Mai yiwuwa ne ƙwarai kwamitin da ya mayar da takardunki ya bi ƙa'idarsa ne a rubuce, kuma idan aka ɗora takardunki da na abokin aikinki a kan tebur, nasa sun fi cika sharuɗɗan. Idan haka ne, to ba a ranar zaman kwamiti aka zalunce ki ba, an yi shi ne tun shekarun baya, a lokacin da ake rabon ayyukan sashe. Jadawalin aikin dare da koke-koken ɗalibai da kwamitin daidaito da tafinta duk ayyuka ne da sashe ba zai tafi ba sai da su, amma kusan babu asibitin koyarwar da yake ba su nauyin da yake ba bincike da wallafa da jagorancin ayyukan da ake gani a waje. Sa'o'in da kika zuba a cikinsu su ne sa'o'in da abokin aikinki ya zuba a rubuta maƙala da halartar taruka. Irin waɗannan ayyuka kuwa sukan taru ne a kan mace saboda an ɗauka ta fi tausayi da natsuwa, su kuma taru a kan ɗan tsiraru saboda kowane kwamiti yana son a ga fuskarsa a cikinsa, ke kuma kin haɗa duka biyun, shi ya sa nauyin ya ninka a kanki. Wannan laifin shugabancin sashe ne, kuma ina faɗa ba tare da kwana-kwana ba, amma ke ce za ki fara motsi kafin a gyara shi.

Ki nemi sharuɗɗan ƙarin girma a rubuce, ki karanta su layi-layi, sannan ki nemi ganawa da shugaban sashe domin ya bayyana miki, shi ma a rubuce, takamaiman inda takardunki suka gaza: maƙala nawa ake buƙata, a wane irin mujallu, sunanki a wane matsayi a jerin marubuta, kuma me ake nufi da sanin mutum a wajen sashe. Maganar baki irin ta "ki ƙara ƙoƙari" ba za ta amfane ki da komai ba, domin ma'aunin da ba a rubuta ba ana iya matsar da shi duk lokacin da kika kusa cimma shi. Kafin ganawar, ki zauna ki lissafa yadda makonki ke tafiya, sa'a nawa a ɗakin tiyata, nawa a duba marasa lafiya, nawa a koyarwa, nawa a waɗancan ayyukan da ba a lissafa su, ki ajiye lissafin a gabansa kusa da sharuɗɗan. Ba kya buƙatar ɗaga murya ko zargin kowa, takardun biyu za su yi magana. Daga nan ki nemi abu biyu a fili: a mayar da tsara jadawali da kula da ɗalibai aikin karɓa-karɓa tsakanin dukkan likitocin sashe, kuma a keɓe miki lokaci a kowane mako na bincike wanda ba za a taɓa shi ba. Idan aka sake kawo miki sabon aiki irin wannan, amsar da ta dace ita ce ki ce kina son taimakawa, amma a nuna miki wanne daga cikin ayyukan da ke hannunki za a sauke miki domin ki ɗauki wannan.

Kwamitin daidaito yana buƙatar ki dube shi da idon basira. Idan yana da ikon ganin ƙididdigar albashi da ta ƙarin girma, yana kai rahoto ga masu yanke hukunci, kuma zama a cikinsa yana cikin abin da ake lissafawa a takardunki, to ki zauna, domin a irin wannan wuri ne ake sauya ƙa'idojin da suka cuce ki. Idan kuwa taro ne kawai da ake yi a watse ba tare da wani abu ya biyo baya ba, ki sauka cikin ladabi, kuma kada ki ji kamar kin ci amanar kowa.

Batun tafinta ya fi wannan nauyi, kuma na san ba za ki iya juya wa mutanenki baya ba, ban ma so ki yi. Samar da tafinta haƙƙi ne a kan asibiti, kuma ya kamata ki rubuta ki nemi a samar, domin ba daidai ba ne a fito da likitar tiyata daga aikinta a duk lokacin da ake neman mai fassara. Amma amincewar da mutanen nan suke yi da ke dukiya ce ta ilimi da babu wani a sashenku da yake da ita. Wani gwaji da aka yi a birnin Oakland na Amurka, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna cewa maza baƙar fata sun fi yarda a yi musu gwajin ciwon sukari da na kitsen jini bayan sun zauna da likita baƙar fata, abin da ke nuna cewa kasancewar irinki a asibiti yana iya sauya yadda marasa lafiya ke karɓar shawarar likita. To ki mayar da abin da kike gani kullum ya zama bincike: a wane mataki na ciwo mutanenki ke isowa asibiti, me ke jinkirta su, yaya warkewarsu take bayan tiyata idan aka gwada da sauran marasa lafiya, kuma wane bambanci bayani a harshen uwa ke kawowa wajen bin umarnin likita. Ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ki ja ɗaliban da suke zuwa wurinki da matsalolinsu su zama abokan aikin tattara bayanai, ta yadda dawainiyar da ta hana ki wallafa za ta zama ita ce tushen abin da za ki wallafa.

Cewa ba a san ki ba a wajen sashe magana ce mai ɗaci, amma akwai darasi a cikinta. Akwai mai ba ki shawara, akwai kuma wanda zai ambaci sunanki a ɗakin da ba kya ciki, a lokacin da ake neman wanda zai gabatar da maƙala a babban taro, ko wanda zai shiga wani bincike na haɗin gwiwa, ko wanda za a ba shugabancin wani reshe. Mata a aikin likita sukan sami na farkon su rasa na biyun, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tunda manyanki duka maza ne, a cikinsu za ki nemi wannan mutum, kuma babu aibi a ciki idan aka tsaya kan aiki, a ofis, a lokacin aiki. Ki duba wanda ya taɓa ɗaga na ƙasa da shi a aikace, ki je masa da buƙata takamaimiya, misali ya duba daftarin maƙalarki, ko ya sa sunanki a jerin masu jawabi a taron ƙungiyar likitocin ƙashi. Ki kuma nemi ƙungiyoyin mata likitocin tiyata, a ƙasarki ko a waje. A Amurka ma akwai wadda aka kafa a 1983 da sunan Ruth Jackson ɗin nan domin mata likitocin ƙashi. A irin waɗannan ƙungiyoyi ne za ki haɗu da waɗanda suka riga ki bin hanyar, kuma daga cikinsu ake samun masu tantance takardu daga waje.

Ki kula ƙwarai da wasiƙun shaida da ake rubuta miki. Wani nazari da aka wallafa a 2003 a kan wasiƙu sama da 300 da aka rubuta wa masu neman aiki a wata makarantar likitanci ta Amurka ya gano cewa na mata sun fi gajarta, sun fi yabon ƙwazo da koyarwa, a yayin da na maza suka fi ambaton bincike da hazaƙa. Sau da yawa marubucin bai yi da mugun nufi ba, abin da ya saba gani ne ya fito a alƙalaminsa. Saboda haka duk wanda kika roƙa ya rubuta miki, ki miƙa masa takarda ɗauke da yawan tiyatar da kika yi da irinsu da sakamakonsu da maƙalunki da ɗaliban da kika horar, ki ce masa a kan waɗannan kike so ya yi magana.

Marasa lafiyar da ke tambayar yaushe likita zai zo, ki amsa musu a natse cewa ke ce likitar kuma ke za ki yi aikin, ba tare da nuna cewa an ƙasƙanta ki da aka ɗauke ki ma'aikaciyar jinya ba, domin aikin jinya ba abin raini ba ne. Wanda ya kamata ki yi wa magana su ne abokan aikinki. A asibitin Mayo na Amurka an nazarci yadda ake gabatar da masu jawabi a tarukan likitoci, aka wallafa a 2017 cewa idan namiji ne mai gabatarwa, yakan kira namiji da laƙabinsa na likita a kashi 72 cikin 100 na lokuta, mace kuwa a kashi 49 kawai. Ki roƙi 'yan sashenku su riƙa gabatar da ke da laƙabinki a gaban marasa lafiya da ɗalibai, su kuma gyara wa wanda ya yi kuskure nan take.

Kai ƙara kuwa iri biyu ne, kuma kada ki gauraya su. Akwai ɗaukaka ƙara a kan hukuncin kwamitin ƙarin girma, wanda yawanci yana da wa'adi, don haka ki duba ƙa'idar wurinku yau ɗin nan kada lokacin ya wuce ki. Akwai kuma ƙorafin nuna bambanci, wanda ba ya tsayawa sai da hujja: ranaku, saƙonni, abin da aka faɗa da wanda ya faɗa da wanda ya ji, da kuma kwatancen takardunki da na wanda aka ɗaga. Ki fara ajiye waɗannan tun yanzu a wurin da ba na asibiti ba, ba tare da bayanan marasa lafiya a ciki ba, kuma ki tuntuɓi ƙungiyar likitoci ko lauyan da ya san dokar ƙwadago kafin ki sa hannu a kowace takarda. Ba zan ɓoye miki ba cewa mai ƙorafi a ƙaramin sashe yakan fuskanci sanyin fuska da wariya, ko da doka ta hana ramuwar gayya, shi ya sa nake so ki shiga da shirinki idan za ki shiga. Abin da ba ya jiran shiri shi ne cin zarafi, ko zagin ƙabila, ko a fito a ce miki haihuwa ko aure ne ya hana a ɗaga ki. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, ki rubuta shi a ranar ki kai shi inda ya dace.

Shawarar ƙawarki ma tana da wurinta, domin barin wurin da ba ya ganin ƙimarki ba gazawa ba ne. Sai dai asibitin kuɗi zai iya raba ki da koyarwa da bincike, kuma daga yadda kika rungumi ɗalibai ina zaton kina son su, ga shi kuma ɗalibai mata da 'yan tsiraru suna ganin hanyar tiyatar ƙashi a buɗe ne saboda suna ganinki a cikinta. Wannan ba dalili ba ne na ki zauna ki ƙone, domin ba ke kaɗai za ki ɗauki nauyin gyaran sana'a gaba ɗaya ba, kuma idan barci ya ƙaurace miki ko kin fara jin ƙyamar aikin da kike so, ki ga likita kamar yadda za ki umarci wani. Abin da nake ba ki shawara shi ne ki sa wa kanki wa'adi zuwa zagayen ƙarin girma na gaba. Ki roƙi maigidanki ya mayar da haƙurin da yake ba ki ya zama taimako a aikace, ya ɗauke miki wasu hidimomi a lokutan da kika keɓe wa rubutu. Idan kin cika sharuɗɗan da aka ba ki a rubuce kuma aka sake tsallake ki, to a lokacin kina da hujjar ƙorafi mai ƙarfi, kina kuma da takardun da wani asibitin koyarwa zai yi maraba da su, kuma kafin ki karɓi aiki a can ki tambaye su mata nawa ne a manyan muƙamansu da kuma ko sharuɗɗan ƙarin girmansu a rubuce suke.

A cikin makon nan ki rubuta wa shugaban sashenku takarda gajera mai ladabi, kina neman kwafin sharuɗɗan da kuma ranar ganawa, ki ajiye kwafinta a wurinki. Idan kun gana, ki sake rubuto mini abin da ya ce da abin da ya ƙi cewa, mu duba mataki na gaba tare. Allah Ya dafa miki, Ya sa albarka a hannunki.